Ɓerayen da Suka Zo da Guzurinsu

Ranar da aka kira 'yata a kan zargin ta yi ƙarya a aikinta, ni na kai ta. Tun da na ajiye tirela ni nake tuƙa ta zuwa jami'a. Ta iya tuƙi, sai dai ƙafarta ba ta ga maciji da birki, ni kuma zaman gida ba ya yi mini. Sunan mahaifiyata na sa mata, saboda haka Uwata nake ce mata. A wurin aiki kuwa Dakta ce.

Ba likitar asibiti ba ce. Aikinta binciken ciwo ne: yadda zafi yake tafiya a jijiya, da yadda magani yake tare masa hanya. Da ɓeraye take aiki, farare, masu jajayen idanu, a wani ɗaki mai sanyi da ke ƙarshen baranda. Na sha leƙawa ta gilashin ƙofar. Ɓeran da jijiyar ƙafarsa ta taɓu, in aka soka masa wani siririn tsinke mai kama da gashin buroshi a tafin ƙafa, nan take yake ɗage ta. In an yi masa allurar maganin da ke aiki, sai ya bar ƙafar a ƙasa, ya ci gaba da shinshine-shinshinensa. Iyakar gwajin ke nan, amma a kansa ta ƙarar da ƙuruciyarta.

Nakan ce mata, "Shekara da shekaru kina binciken ciwo, gwiwar ubanki ko a jikinki."

Takan ce, "Baba, taka tsufa ne. Wannan ba sashenmu ba ne."

To, a cikin wannan aiki ta gano wani tsohon magani da ake sha don wata cuta daban yana kwantar da ciwon jijiya a ɓerayenta. Ta maimaita har ta gaji, ta rubuta, aka buga a mujallar masana. Aka yi ta kiranta taro. Daga baya wasu suka gwada a nasu ɗakunan, magani ya ce bai san zance ba. Wanda ya fi ɗaga murya a cikinsu shi ne Farfesan da ya koyar da ita, wanda yanzu yake wata jami'a. A gaban taro, ɗalibanta na zaune, ya ce ko dai ɓerayenta waliyyai ne, ko kuma alƙalaminta ya fi allurarta aiki. Aka yi dariya. Dariyar nan ce ta biyo ta har ofishin shugaban sashensu.

Shi shugaban sashen, ɗalibai A-bar-maganar suke ce masa, don ba ya rufe zance sai da wannan kalma. Da muka isa sai ya fito da kansa har bakin mota, ya ce in shigo, ai ni uba ne. Aka kawo mini lemo mai sanyi, aka matso mini da kujera mai laushi. Na yi shekaru ina kai kaya ofisoshin mutane, ban taɓa ganin an ba direba kujera mai laushi a banza ba. Na gane ni aka shigo da shi don in danne ta.

Ya ce, "Dakta, ba wanda ya ce kin yi ƙarya. Ni dai ban ce ba. Ki sa hannu cewa an samu kuskure a lissafi, a janye rubutun. Ɗakin gwaji a ba wani ya riƙe na ɗan lokaci. Ki ci gaba da koyarwarki, albashinki na nan. Ba kwamiti, ba tonon silili. A bar maganar."

Ta ce, "Wane kuskure?"

"Kowanne. Ke kika san aikinki."

"Na san shi, shi ya sa nake tambaya. Nuna mini layin da na yi kuskure, in sa hannu a kansa yanzu."

Ya juyo wurina. "Baba, ka sa baki. In ta je gaban kwamiti, kora ce, kuma da sunan maƙaryaciya. Ba jami'ar da za ta sake ɗaukarta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni direba ne, inda aka ce in kai nan nake kaiwa." Na shanye lemona, don ban ga dalilin barinsa ba.

Amma a mota na gaya mata gaskiyata. Na ce, "Uwata, na tsaya a shingen hanya fiye da yadda kika shiga aji. Na ga mai cikakkun takardu ya tsaya gardama ya wuni a rana, na ga wanda ba shi da ko lasisi ya ce a yi haƙuri ya wuce. Mutanen nan ba gaskiyarki suke nema ba, shiru suke nema. Ki ba su shirun, ki riƙe aikinki."

Ta ce, "Baba, an taɓa cewa ka sayar da kayan da aka ɗora maka, ka ce a yi haƙuri?"

Na ce, "Wannan daban."

"Ina bambancin?"

Na kunna rediyo.

Washegari ta buga wa Farfesa waya a gabana. Ta gaishe shi kamar yadda ta saba, har da tambayar iyali, sannan ta ce ya aiko mata da nasa ɓerayen ta gwada su da hannunta. Na ji dariyarsa ta cikin wayar. Ya ce, "'Yata, in kina so har da kejinsu zan haɗa miki."

Ya kuwa aiko. Suka iso a bayan wata ƙaramar mota, tare da rabin buhun abinci. Ashe haka al'adar masu wannan aiki take: ɓera in zai sauya gida, da guzurinsa yake tafiya, abincin da ya saba, don kada cikinsa ya ɓaci a baƙon wuri. In guzurin ya ƙare sai ya koma cin na masu gida. Ni na taya ɗaukar buhun, ƙwayoyi ne masu tauri kamar guntayen alli.

Ta bar su suka huta, ta taɓa musu jijiyar ƙafa kamar yadda ake yi, ta yi allura, ta soka tsinke. Ranar da ta fito ban ga fuskarta haka ba tun rasuwar mahaifiyarta. Ta shiga mota ta rufe ƙofa a hankali.

Ta ce, "Bai yi ba, Baba. A ɗakina, da hannuna, da maganina. Duk sun ɗage ƙafa."

Na ce, "To, takardar A-bar-maganar tana nan ai."

"Tana nan."

"Sai mu biya?"

Ta girgiza kai. Sannan ta ce, "Abin da na gani a nawa ɓerayen na gan shi. Abin da na gani yau ma na gan shi. Ba zan ƙaryata ɗaya don in huta ba. Mu je gida."

Aka sa ranar zaman kwamiti. Ita kuwa ta ci gaba da gwada baƙin ɓerayen nan, ba don tana sa ran komai ba, taurin kai ne kawai, kuma na san inda ta gado shi. Ana nan, bayan 'yan makonni, sai ɗaya ya bar ƙafarsa a ƙasa. Kwana kaɗan sai wani. Kafin a ce haka, ɓerayen Farfesa sun koma waliyyai su ma.

Maimakon ta yi murna sai ta rikice. Muna hanyar gida tana magana ita kaɗai: ruwan dai shi ne, fitilar ita ce, sanyin ɗakin bai sauya ba, kwalbar maganin ma ba a buɗe sabuwa ba. Muna gab da shiga layinmu ta dafa hannuna.

"Baba, juya."

"Uwata, hanya ɗaya ce nan."

"Ka juya tirela a inda ya fi nan matsi. Juya!"

Na juya. Muka koma ɗakin gwaji, muka tarar da buhun Farfesa a naɗe a bayan ƙofa, babu komai ciki sai ɓurɓushi da 'yan ƙwayoyi a kusurwa. Tun tuni guzurin ya ƙare, baƙi suka koma cin abincin gida, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Ta zazzage ƙwayoyin a tafin hannu, ta shinshina, ta jefa ɗaya a baki ta tauna. Ta ɗauko ɗaya daga nata buhun, ita ma ta tauna.

Na ce, "Duk karatun da na yi miki ɗawainiya, a kan abincin ɓera zai ƙare?"

Ta ce, "Nasa da wake a ciki. Waken suya. Nawa babu, da madara ake haɗa shi."

Ta aika sauran ƙwayoyin wurin masu tantance sinadarai, suka tabbatar mata. Sannan ta yi mini bayani da harshen da zan gane. Ta ce waken suya yana da wani sinadari da ya yi kama da wanda jikin mata yake yi, istirojin suke ce masa. Kamannin har sun kai ga jiki yakan karɓe shi a matsayin na gida. Zatonta shi ne, wannan sinadari yana riga maganinta zama a kujerar da ya kamata ya zauna, in magani ya zo sai ya tarar mota ta cika.

Na ce, "Duk malaman nan ba wanda ya taɓa tambayar me ɓeran wani yake ci?"

Ta ce, "Kowa in zai rubuta aikinsa, yakan faɗi irin ɓeran, da nauyinsa, da ƙarfin maganin. In an zo kan abinci sai a ce an ba su abinci da ruwa yadda suke so, shi ke nan. Ni ma haka na rubuta. Farfesan ne ma ya koya mini."

"Kin tabbata waken ne?"

"A'a. Zato nake. Sau ɗaya na gani, a 'yan ɓeraye kaɗan."

Da wannan zaton ta shiga gaban kwamiti. Ni ina kan benci a baranda, ƙofar kuma ba ta rufuwa sosai. Na ji ta ajiye makulli a kan tebur, ƙararsa ta fito har waje.

Ta ce, "Ga makullin ɗakin gwajina. Kada a bar ni in sake shiga. A kawo sababbin ɓeraye, a gayyato Farfesa ya zo da kansa. Rabi su ci abincinsa, rabi su ci nawa. Shi zai yi allura, shi zai soka tsinke. In magani bai yi aiki a kowane ɓangare ba, ba sai kun kore ni ba. Zan rubuta takardar barin aiki, kuma duk wanda ya ce mini maƙaryaciya ba zan tanka masa ba."

A-bar-maganar ya ce, "Haba Dakta, abin bai kai nan ba. Har yanzu ƙofa a buɗe take, a lallaɓa..."

"Ranka ya daɗe, an faɗe ta a gaban ɗalibaina. Ba ta lallaɓuwa."

Wata dattijuwa a cikin 'yan kwamitin, malamar haɗa magunguna, ta ce ita ta yarda, kuma ita za ta riƙe makullin. Sauran suka bi ta, ina jin don ba wanda ya tanadi abin da zai ce.

Da ta fito na ce, "Kin ɗora gidanki kaf a kan ƙwayar da kika tauna."

Ta ce, "Na sani. Riƙe mini jakar nan."

Farfesa ya zo da buhunsa sabo. Dogo ne, mai furfura, mai tafiya kamar ana jiransa a ko'ina. Sai an ciyar da ɓerayen makonni kafin a gwada, kuma a makonnin nan na ga halin mutane. Waɗanda suke cin abincin rana da ita suka koma cin nasu a ofis. Ɗalibai biyu suka nemi a sauya musu mai duba aikinsu. Mijinta, mutumin kirki ne amma ba ya son hayaniya, ya ce ta ɗauki hutu ta zauna a gida har a gama.

Ta ce, "In zauna a gida a ce na ɓuya?"

Kullum da safe sai ta yi kwalliya kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. In ta gama aji, sai ta zo ta zauna kusa da ni a bencin da ke kallon ƙofar ɗakin da aka hana ta shiga, ta ɗora takardun jarrabawar ɗalibai a cinya tana dubawa. Duk mai wucewa dole ya gan ta, kuma ita take fara gaishe shi, da sunansa, da ƙarfi. In Farfesa ya zo sai ta miƙe tsaye.

"Barka da asuba, Malam. Yaya ɓerayenmu?"

"Suna cin abinci, 'yata."

"Madalla. A dai kula kada a haɗa musu kwano."

Sai ya wuce ciki abinsa. Ni kuwa a raina ina lissafin inda za mu koma in abin ya ƙi, don gidan da muke ciki na jami'a ne. Ban gaya mata ba. Ita ma na lura takarda ɗaya takan daɗe a hannunta ba ta juya ba.

Ranar gwaji dattijuwar nan ta cakuɗa kejin, ta rufe alamar kowanne, yadda shi kansa Farfesa ba zai san wanne ya ci wane abinci ba. Sun ce haka ake yi don kada ido ya taya hannu son kai. Aka yarda mu kalla ta gilashi. 'Yan kwamiti suna ciki, sun sa fararen riguna, A-bar-maganar ya tsaya can nesa da ɓerayen yana toshe hanci.

Farfesa ya yi allura, aka jira, ya ɗauki tsinke. Na farko ya ɗage ƙafa. Na biyu ya ɗage. Na uku ma haka. Ya ɗago kai ya dubi gilashin, bai yi murmushi ba, amma girarsa ta yi a madadinsa. Na ji numfashin 'yata ya sauya.

Na huɗu ya bar ƙafarsa a ƙasa.

Ya sake sokawa. Ɓera ya juya yana wanke fuska. Ya ajiye tsinken ya ɗauki wani, ya duba shi a fitila, ya soka. Ko gezau. Ya tura kejin gefe guda ya jawo na gaba. Haka aka yi ta yi, wani ya ɗage, wani ya ƙi, yana ware su hagu da dama, har tebur ya rabu biyu. Tun ana rabi ya daina kallon gilashi.

Dattijuwar ta bi kejin tana buɗe alama. Na hagu, masu ɗage ƙafa, abincin Farfesa suka ci. Na dama, abincin 'yata. Guda ɗaya ne ya saɓa, ya ci nata kuma ya ɗage, kowane gida dai ba ya rasa irinsa. Dattijuwar ta juyo ta dubi 'yata ta cikin gilashi, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

A-bar-maganar ne ya fara fitowa, hannu a buɗe. "Alhamdu lillahi! Ai dama na faɗa, rashin fahimta ce tsakanin uba da 'ya. Kwamiti zai rubuta an samu saɓani, an daidaita. A bar..."

Ta ce, "Kwamiti zai rubuta abin da aka zarge ni da shi, da abin da aka gani yau. Da kalmomin da aka yi zargin, ba da wasu ba."

Farfesa ya fito yana goge hannu. Ya tsaya a gabanta, ya yi gyaran murya. Tsakani da Allah, ba ƙaramin mutum ba ne, fuskarsa ta nuna ya gane girman abin da ya gani.

Ya ce, "'Yata, wannan ya wuce maganar maganinki. In wake yana yin haka, rabin abin da muka gwada a ɗakunanmu sai an sake dubawa."

Ta ce, "Har da nawa, Malam. Na ce magani yana aiki, ashe yana aiki ne in babu wake. Mutane kuwa ba a keji suke ba, suna cin abin da suka ga dama. Ni zan fara rubuta wannan a kan aikina kafin wani ya rubuta. Sannan in bi sinadarin nan in ga iyakarsa, ko zai ci sauran shekaruna."

Ya ci su kuwa, don har yau a kansa take, daga wake ta wuce wasu tsirran. Amma a ranar Farfesa bai gama ba.

Ya ce, "To, sai mu rubuta tare. Sunana a gaba zai sa a saurare ki da wuri. Kin san yadda abin yake."

Na san wannan murya. Ita ce muryar mai kaya in mota ta iso lafiya, bayan ya gama cewa direba ɓarawo ne. Na buɗe baki, sai na ga ba a bukatata.

Ta ce, "Malam, akwai taro mai zuwa, a zauren da ka yi maganar waliyyai. Ɗalibaina za su zauna a inda suka zauna. Ka tashi ka faɗi abin da hannunka ya gani yau."

Ya dubi 'yan kwamitin da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ya ce, "Zan faɗa."

"Na gode. Sunanka kuma zai shiga rubutun, ba zan manta da kai ba. A ƙarshe, wurin godiya: wanda ya ba da buhun abinci."

Wani a cikin kwamitin ya yi tari mai kama da dariya. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta miƙa wa dattijuwar hannu, aka sa mata makulli a tafi, ta ratsa tsakaninsu ta shiga ɗakinta. Ta leƙo ta ce, "Baba, ka je ka ci abinci. Yau zan daɗe."